Allon Kallo a Kujerar Baya: Wanne Mai Mota Zai Haɗa da Hannunsa, Wanne Zai Kai wa Gwani?

Tambaya ce da ke yawan tasowa tsakanin masu motocin gida a Tamale, musamman idan Sallah ko hutun makaranta ya gabato, aka fara shirin doguwar tafiya da yara: shin mutum zai iya sayo allon kallon bidiyo ya haɗa wa motarsa da kansa, ko dole sai ya kai wa mai gyaran wutar mota? Amsoshin da ake ji ba su jitu da juna ba. Wani zai ce ai aikin banza ne, ko yaro ya yi shi. Wani zai ce kada ka kuskura, haka ake ƙona mota. Wani kuma zai ce doka ma ta hana, 'yan sanda za su tare ka kafin ka kai Buipe. Kowannensu yana da ƙamshin gaskiya. Saɓanin ya samo asali ne daga cewa kowa na magana a kan wata na'ura dabam, alhali duk ana kiran su da suna ɗaya, wato talabijin ɗin mota.

Me ake nufi da allon baya?

Allo a nan shi ne fuskar gilashin da hoto ke fitowa a kai, wanda wasu ke kira sikirin. Allon baya kuwa shi ne duk wanda aka kafa domin waɗanda ke zaune bayan direba su kalla. Mafi sauƙi shi ne na ratayawa: ana ɗaure shi da maɗauri ko maƙali a bayan matashin kai na kujerar gaba, a jona wayarsa a ramin laita, wato ramin nan da ake cajin waya. Tabilet, babbar wayar nan mai faɗin littafi, idan aka maƙala ta haka, ita ma cikin wannan rukuni take. Sai wanda aka gina shi a cikin matashin kai, a cire na asali a soka shi a madadinsa, a bi da wayoyinsa ta cikin kujera zuwa ƙasa. Sai na rufi, wanda ake ɗaurewa a saman mota daga ciki, a sauko da shi lokacin kallo, a mayar da shi idan an gama. Akwai kuma wanda ya zo da motar tun daga kamfani, irin wanda ake gani a wasu Toyota Sienna da Honda Odyssey da aka shigo da su daga Amurka. Wannan ba haɗa shi ake yi ba, sai dai a yi fama da shi ya karɓi faifan da ake da shi, kuma za a zo kan wannan a gaba.

Na ratayawa ba ya taɓa komai a jikin mota. Na matashi yana taɓa kujera da wuta. Na rufi yana taɓa wuta da ƙarfen mota da wurin da jakar iska ke kwance. Jakar iska ita ce wadda ke kumbura cikin ƙiftawar ido idan an yi karo, domin ta tare kai da ƙirji. Wanda ya ce aikin banza ne, na farko yake nufi. Wanda ya ce ana ƙona mota, na biyu da na uku ya gani. Wanda ya kawo zancen doka kuwa, allon gaban direba ne a ransa, ba na baya ba.

Dalilin da ya sa ake nemansa

Nisan hanya ne babban dalili. Daga Tamale zuwa Kumasi kusan kilomita 380 ne, ta Yapei da Buipe da Kintampo da Techiman. Zuwa Accra kuwa ya kai kimanin 600, tafiyar da ke cin yini ko dare guda. Tamale cike take da ma'aikatan jami'a da na asibiti da na ƙungiyoyin agaji waɗanda danginsu ke kudu, ga kuma 'yan kasuwar zango da ke da 'yan'uwa a Kumasi da Accra. Manyan bas-bas na dogon zango, irin su STC da VIP, sun daɗe da saba wa fasinja da kallon fim a hanya, don haka mai ƙaramar mota ma yana so iyalinsa su samu. Abin kallo kuma ba ya yankewa: finafinan Dagbanci da ake shiryawa a nan Tamale, da na Hausa daga Kano, da na Kumasi, da na Indiya, da karatun Alƙur'ani da wa'azi, duk ana tura wa mutum a filash ko memori a kasuwa.

A ƙarshen shekarun 1990 ne kamfanonin motoci na Amurka suka fara sayar da motocin iyali da na'urar bidiyo a baya, da kaset aka fara kafin faifan DVD ya karɓe. Yau allon da kamfanonin Sin ke ƙerawa ya yi araha, ana samunsa a shagunan kayan mota, ko a aiko wa mutum daga Suame Magazine na Kumasi ko Abossey Okai na Accra, ko ya saya ta intanet. Sau da yawa kwalin kan zo da 'yar takarda mai zane guda da Turanci mai wuyar ganewa, ba tare da wani bayani kan irin motar da za a saka wa ba. Daga nan ruɗani ke farawa.

Wuta: inda ainihin aikin yake

Ƙaramar mota tana aiki da wuta mai bolt 12. Bolt ma'aunin ƙarfin turin wuta ne, amfiya kuma ma'aunin yawan wutar da ke gudana a waya. Batir mai lafiya yakan nuna kusan bolt 12.6 idan inji na kashe, idan aka tayar kuma altaneta, wato janareton da ke cajin batir, ya ɗaga shi zuwa wajen 14. Manyan bas da tireloli yawanci bolt 24 suke, kuma allon da aka yi don 12 zai ƙone nan take idan aka jona shi a can.

Mutane na raina wutar mota saboda ba ta jan mutum kamar ta gida. Gaskiya ne ba ta ja, amma batirin da ke iya murza inji yana iya tura ɗaruruwan amfiya cikin siririyar waya idan ta goge ta taɓa ƙarfe. Wayar sai ta yi ja, robar jikinta ta narke, kuma a ƙarƙashin kafet take, kusa da soson kujera. Abin da ke tsakanin mai mota da wannan gobara shi ne fis, ɗan ƙaramin abu mai siririn ƙarfe a ciki wanda ke tsinkewa idan wuta ta wuce kima. Aikin fis kare waya ne, shi ya sa ake saka shi kusa da inda aka ɗebo wutar, ba can kusa da allon ba. Idan yana can ƙarshe, duk tsawon wayar da ke gabansa a buɗe take. Girmansa kuma shi ne wanda takardar na'urar ta faɗa, galibi amfiya 3 zuwa 5 ga irin waɗannan allunan. Al'adar nan ta naɗa zaren waya ko takardar azurfa ta kwalin sigari a gurbin fis da ya ƙone, don a samu a ƙarasa tafiya, daidai take da cire fis ɗin gaba ɗaya. Fis da ya ƙone sau biyu a jere yana shaida cewa akwai inda waya ta goge, kuma saka wanda ya fi shi girma ba ya gyara gogewar.

Allon da ake haɗawa dindindin yakan zo da wayoyi biyu ko uku. Bisa al'adar masu ƙera kayan sauti na mota, ja ita ce ta wutar da ke zuwa sai an murɗa makulli, rawaya ta wutar batir da ba ta ɗaukewa, baƙa kuma ita ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota domin wuta ta samu hanyar komawa. Wannan tsarin launi na kayan da aka sayo ne. Wayoyin motar kanta kowane kamfani da nasa launi, don haka ja a jikin allo ba ta nufin a nemi ja a jikin mota. Da mita ake ganewa, wato na'urar gwajin wuta mai tsinke biyu, wadda kuɗinta bai kai na allon ba ko kusa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa jar waya da wutar da ba ta ɗaukewa, saboda ita ce ta fi sauƙin samu. Lissafin a fili yake. Allo biyu masu jan amfiya ɗaya da rabi kowanne, idan yaro ya bar su a kunne tun isha'i har wayewar gari, kusan awa 10 kenan, sun sha amfiya-awa 30. Batirin ƙaramar mota yakan kasance tsakanin 45 da 70, kuma wanda ya sha zafin Tamale shekara biyu ba ya riƙe abin da aka rubuta a jikinsa. Da safe sai neman masu turi. Ko ramin laita ma ba a yarda da shi ido rufe: a yawancin motocin Japan yana mutuwa da an zare makulli, amma a wasu motocin Amurka da Turai yana nan da wuta dare da rana. Gwajin ba wuya. A soka caja mai 'yar fitila, a zare makulli, a buɗe ƙofa a rufe, a dawo bayan 'yan mintuna a duba.

Hanya mafi tsabta ta ɗebo wuta ita ce daga akwatin fis na cikin mota, da ɗan mahaɗin nan mai gurbi biyu da ake sokawa a mazaunin wani fis: gurbi ɗaya ya riƙe fis na asali, ɗayan ya riƙe na sabon allo. Ba a yanke ko waya ɗaya ba, kuma ranar da za a sayar da motar sai a zare. A zaɓi mazaunin laita ko na rediyo, a nisanci na jakar iska da na birki da na kwamfutar inji. Murfin akwatin yana da zanen da ke nuna kowanne. Baƙar waya kuwa a ɗaure ta a noti da ya shiga tsurar ƙarfe, a kankare fenti, a matse sosai, amma ban da notin bel ɗin kujera. Idan ɗaurin nan ya yi sako-sako, shi ne ake jin wani siririn kuka a lasifika yana hawa da sauka tare da totur, ko a ga layuka suna yawo a hoto.

Akwai dalilin da ya sa fere wayoyin bayan dashbod ya fi haɗari yanzu fiye da zamanin tsofaffin Peugeot da Datsun. Motocin yau suna da kwamfutoci da dama da ke aika wa juna saƙo ta wasu siraran wayoyi biyu da aka murɗe tare, tsarin da kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 1986, wanda kuma ya zama dole a motocin da ake sayarwa a Amurka tun daga ƙirar 2008. Wayoyin nan suna nuna 'yar wuta idan an gwada su. Wanda ya ɗauka ta allo ce ya jona, zai iya wayar gari da fitilun gargaɗi sun cika dashbod, ko gilashi ya ƙi sauka, ko motar ta ƙi tashi.

Abin da ke ɓoye a kujera da rufi

Kafin a kwance komai a kujera ko ginshiƙin ƙofa, a kashe mota, a cire kan batir mai alamar ragi, a jira. Na'urar jakar iska tana ajiye 'yar wuta na ɗan lokaci ko bayan an cire batir. Toyota na cewa a jira daƙiƙa 90, Honda na cewa minti 3. Duk waya ko mahaɗi mai launin rawaya a ƙarƙashin kujera ko bayan roba, na jakar iska ne a yawancin motoci: ba a fere shi, ba a soka masa tsinken gwaji, ba a rataya masa wata waya. Idan aka zare shi da makulli a kunne, fitilar jakar iska za ta kama, kuma a motoci da yawa ba za ta mutu ba sai an kai wa mai kwamfutar gwaji. Muddin tana kunne kuwa, babu tabbacin jakar za ta buɗe ranar da ake buƙatarta.

Matashin kai ba don jin daɗi aka yi shi ba. Idan aka daki mota ta baya, jiki yana yin gaba tare da kujera, kai kuma ya fizgu baya, matashin ne ke tare shi kada wuya ya ji rauni. Tun 1969 Amurka ta wajabta shi a kujerun gaba na sababbin motoci. Daga 1997, lokacin da Saab ta fito da nata, motoci da dama suka koma amfani da matashin da ke matsowa gaba da kansa a lokacin karo, wasu ta hanyar ƙarfen da ke cikin kujera, wasu da waya. Matashi mai allo da ake sayarwa a matsayin mai shiga kowace mota yana da ƙafafu biyu da ake matsarwa su dace da ramukan kujera, da 'yan bututun da ake ƙara musu kauri. Shiga rami dabam, kamawa dabam. Bayan an soka, a danna shi ƙasa da ƙarfi, a ja shi sama, a girgiza. Idan ya zame ko yana rawa, an musanya kariyar wuyan direba da fim ɗin yara, kuma wannan ciniki ne na asara. Motar da matashinta ke da waya a ƙafarsa, ko wanda ba ya cirewa, a bar shi yadda yake a yi amfani da na ratayawa.

Wayar matashi tana bi ta cikin ƙafarsa ta sauka ta bayan kujera. A gefen kujerar da ke kusa da ƙofa akwai jakar iska a yawancin motocin zamani, da ɗinki na musamman da aka yi don ya yage idan ta buɗe. Ba a farke wannan ɗinki a sake shi da allura. A ƙasa kuma, a bar wa waya sarari, a tura kujera gaba har ƙarshe, a mayar da ita baya har ƙarshe, a ga ba ta ja ba, ba ta kuma shiga layin ƙarfen da kujerar ke gudu a kai ba. Nan ne waya ta fi gogewa.

Allon rufi shi ne mai wuyar sha'ani. Silin ɗin mota kwali ne da soso da yadi, ba ya ɗaukar nauyi. Dole a nemo ƙarfen da ya gitta rufin daga ciki a ɗaure farantin allon a jikinsa, kuma tazarar da ke tsakanin wannan ƙarfe da fatar rufin ta waje kaɗan ce ƙwarai. Sukuru ya ɗara tsawo kaɗan, sai ya ɓullo sama. A watan Janairu ba za a lura ba, sai ruwan Agusta ya fara ɗiga a kan kujera, tsatsa ta biyo baya. Motar da ke da tagar rufi kuwa, wurin ɗaurin ma sau da yawa babu shi. Sannan wayar da za ta sauko daga rufi dole ta bi gefen da jakar iska mai kama da labule ke naɗe, daga saman ƙofar gaba har ta baya. Inda aka ga an rubuta SRS ko AIRBAG a jikin robar ginshiƙi, tana nan. Waya ta bi ta bayan jakar tare da wayoyin asali. Idan ta gitta ta gabanta, za ta iya riƙe jakar ko ta tsinke ta zama bulala. Ga kuma tuddan rage gudu da suka cika garuruwan kan hanyar Kintampo, da hanyoyin ƙauye marasa kwalta: allon da nauyinsa ke iya kai kilo biyu ko fiye, yana lilo a saman kan yara, kowane tudu gwaji ne ga sukurorinsa.

Wani abin da ya kamata mai mota a Ghana ya sa a lissafi shi ne tarihin motarsa. Da yawa daga cikin motocin da ke saukowa a tashar Tema an saye su ne a gwanjon motocin da suka yi hatsari a Amurka, aka gyara su a nan. A 2020 majalisar dokoki ta yi dokar da ke neman taƙaita shigo da irin waɗannan, amma aka jinkirta aiki da ita. Motar da ta bi ta hannun masu gyara biyu ko uku, wayoyinta ba lallai su dace da zanen da ke intanet ba. Wanda ya ɗaga kafet ya tarar da ƙulle-ƙullen baƙin tef, ya san wani ya riga shi, kuma ba wurin koyon aiki ba ne.

Zafi da ƙura

A watannin Maris da Afrilu zafin Tamale kan kai digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuma yana iya haura 60. Kamfanin Apple ya ce a yi amfani da iPad tsakanin digiri 0 da 35, kada kuma a ajiye shi inda ya wuce 45. Duk allon da ke da batir a cikinsa, zafi irin wannan na kumbura batirin ya rage masa kwana. Don haka na ratayawa a riƙa cire shi a shiga da shi gida, wanda kuma ke rage wa ɓarawo kwaɗayin fasa gilashi. Ƙurar hunturu kuwa ita ce ajalin na'urar faifai, domin tana rufe ɗan idon da ke karanta shi, gargada kuma ta sa hoto ya riƙa tsalle. A wannan yanki allon da ke karɓar filash ko memori ya fi dacewa, tunda babu abin da ke juyawa a cikinsa.

Faifai da sauti

Masu Sienna da Odyssey kan yi mamakin yadda na'urar da ta zo da mota ke tofar da faifan da aka saya a nan. An raba duniya shiyya-shiyya wajen faifan DVD, Amurka shiyya ta 1, yawancin Afirka ta 5, kuma tsarin hoton Amurka ya bambanta da wanda ake amfani da shi a Ghana. Ba lalacewa ta yi ba. Mafita ita ce a duba ko tana da ramukan nan uku, rawaya na hoto, ja da fari na sauti, ko ramin HDMI a sababbin ƙira, a jona wata 'yar na'ura mai karanta filash.

Sauti kan fita ta ƙananan lasifikan allon, ko ta abin sawa a kunne, ko a aika shi rediyon mota ta zangon FM. Mai bin hanyar FM ya nemi zangon da babu tasha a kai, ya kuma san cewa wanda ke shiru a Tamale zai iya cika da magana da an doshi Techiman. Rediyon motar Amurka yana tsayawa ne kawai a lambobin da suka ƙare da mara, kamar 88.1 da 88.3, sai a daidaita allon da hakan. Abin kunne ya fi wa direba sauƙi, amma a kula da ƙarar: ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya sa iyakar yara ƙasa da ta manya.

Doka da inshora

Dokokin hanya na Ghana na 2012, waɗanda aka sani da L.I. 2180, sun hana direba amfani da wayar hannu yana tuƙi, sun kuma hana kunna allon talabijin a kan dashbod mota na tafiya. Abin da dokar ke karewa idon direba ne. Haka abin yake a Birtaniya, inda dokar 1986 ta hana tuƙi idan direba na iya ganin allo, in ban da mai nuna hanya ko bayan mota ko lafiyar inji. Allon da ke bayan kujera, wanda direba ba ya gani, ba shi ne abin da ake nufi ba. Sai dai akwai wurare biyu da allon baya kan jawo matsala. Na farko, allon rufi idan ya sauko yana iya toshe madubin tsakiya. Na biyu, masu haɗa shi da rediyo mai allo na gaba sukan ɗaure wayar da ya kamata ta je birkin hannu a jikin ƙarfe, domin fim ya riƙa fitowa gaba da baya ana cikin gudu. An yi wayar nan ne don hoton gaba ya ɗauke da an saki birki. Wanda ya kewaye ta, ya mayar da halal haram da hannunsa, kuma 'yan sandan MTTD masu kula da hanya na da hujjar tsayar da shi.

Inshorar dole, wadda yawancin masu mota ke yanka, tana biyan wanda aka yi wa ɓarna ne, ba ta biyan mai mota idan tasa ta ƙone. Mai cikakkiyar inshora kuma ya sanar da kamfaninsa abin da ya ƙara, domin kayan da ba a rubuta ba galibi ba sa cikin abin da ake biya. Haka mai sabuwar mota da ke ƙarƙashin garanti, irin waɗanda Volkswagen ta fara harhaɗawa a Ghana a 2020 da Toyota a 2021: lalacewar da ta biyo bayan yanka waya, dillali na iya ƙin ɗaukarta.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Masu son yi da kansu suna kafa hujja da rage kuɗi, da kuma cewa ba kowane mai gyara ne ke aiki da tsabta ba. Suna da gaskiya a nan: akwai garejin da za a miƙa aikin ga yaron da ya fara koyo, ya fere waya da haƙori, ya murɗa, ya naɗe da tef, zafi ya saki tef ɗin cikin wata biyu. Masu sana'a kuma na cewa sun buɗe irin motar sau da dama, sun san inda kowane maƙalin roba yake, kuma idan abu ya lalace akwai wanda za a koma wa. Su ma gaskiyarsu ce. A ganina mai haƙuri da mita ya fi gwanin da ke sauri, amma gwani mai haƙuri ya fi su duka, kuma a aikin rufi babu mai maye gurbinsa.

Iyaye ma sun rabu. Wasu na ganin allon yana kwantar da yara, direba ya samu ya fuskanci hanya. Wani ƙaramin bincike da Jami'ar Monash ta Ostareliya ta fitar a 2013 ya gano iyaye na ɗauke ido daga hanya sama da minti 3 a tafiyar minti 16 saboda yaran da ke baya, don haka hujjar ba ta banza ba ce. Wasu kuma na tuna shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019, cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allo, mai 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Tafiyar Accra ta ninka wannan sau goma. Ga jiri da amai, waɗanda ke zuwa idan ido na kallon abin da ke tsaye alhali jiki na jin motsi, kuma yara 'yan shekara 2 zuwa 12 suka fi fama da su. Ta fuskar tarbiyya, allon baya shi ne wanda uba ba ya ganin abin da ke kansa, shi ya sa filash da aka zaɓi abin da ke ciki tun daga gida ya fi allon da ke jone da intanet kwanciyar hankali. Akwai ma 'yar asarar da ba a cika ambata ba: yaron da ya ƙetare gadar Yapei da ta Buipe kansa a sunkuye bai ga Farar Volta da Baƙar Volta ba, sai dai ya haddace su a aji.

Abin da bai kamata a yi saɓani a kansa ba shi ne bel. Karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10. Yaron da ya kwance bel ya matso don ya ga hoto da kyau, fuskarsa na daf da gilashi da roba mai tauri. Allon ratayawa da aka ɗaure sako-sako shi ma zai tashi ya daki wani.

Alamu na nuna tabilet da wayar hannu za su ci gaba da ture allon dindindin, tunda ana sabunta su, ana shiga da su ɗaki, ba sa kuma barin rami a silin ranar sayar da mota. Ga mafi yawan iyalai a Tamale, maƙali mai ƙarfi da caja mai kyau sun wadatar, kuma wannan kowa na iya yi da hannunsa. Na matashi, mai mita da ya karanta zanen akwatin fis ɗinsa zai iya, matuƙar matashin motarsa ba mai waya ba ne, kuma ya yi shi da sauran kwanaki kafin tafiya, don ba a fafe gora ranar tafiya. Na rufi a kai wa mai gyaran wutar mota da aka san aikinsa, a tsaya a kansa, a tambaye shi daga ina ya ɗebo wuta, ina ya sa fis, a jikin me ya ɗaure farantin, ta ina kuma waya ta bi jakar iska. Kafin a biya shi, a murɗa makulli a ga fitilar jakar iska ta kama ta mutu kamar yadda ta saba, sannan a zare makullin a tabbatar allon ya ɗauke.